Iyaye da malaman sayans dan Allah ku shigo, wai haka ake firaktikal a lab ɗin kowace makaranta?

Maman_Ilham, Tudun Jukun:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar kimiyya, malamai ne ko ma'aikatan asibiti ko iyayen da yaransu suka wuce wannan matakin. Yarinyata tana SS2 ajin sayans a wata makarantar kuɗi nan cikin Zariya, ba zan faɗi sunan makarantar ba don ba tonon silili ya kawo ni ba. Wannan zangon aka fara shiga da su lab, toh tun lokacin hankalina ya kasa kwanciya. Na wanke mata yunifom sai naga ƙananan huji a hannun rigar da gaban siket, ita kuma ta rantse bata ga komai ya zuba mata ba. Da na matsa da tambaya shine take bani labarin wai akwai wani siririn gilashi da suke zuƙo ruwan kemikal dashi da baki, ƙawarta ta zuƙa da ƙarfi ya shige mata baki har leɓenta yayi fari ya saɓule, aka aiki maigadi ya siyo madarar gwangwani aka bata ta sha, shikenan aka ci gaba da darasi ko iyayenta ba a kira ba. Sun fi hamsin a ɗakin kuma malami ɗaya ne, famfunan kan teburan duk ba ruwa, tukunyar gas ɗin ma a cikin ɗakin take a bayan ƙofa.

Yanzu kuma ga takarda an aiko wai in sa hannu za a kai su Dutsen Kufena da bakin rafi su ɗebo ƙwari da ganyaye na bayoloji da jogirafi. Babanta yace shi dai a maida ita ajin art kowa ya huta, ita kuma kuka take don likita take son zama tun tana ƙarama. Ni ban yi sayans ba, ban san me ya kamata in tambayi makarantar ba kar inje inyi ta faɗa akan abinda ƙila haka yake a ko'ina. Me ya zama dole a samu a lab? Kuma takardar fitan nan in sa hannu ko kar in sa?

Malam_Lab, Samaru:

Wa alaikumus salam Hajiya. Aikina kenan kula da ɗakin gwaji, na daɗe ina yi, kuma kin yi daidai da kika tambaya. Kar a cire ta daga sayans, abubuwan da kika lissafa duk masu gyaruwa ne kuma mafi yawansu basa cin wani kuɗi.

Hujin rigar alamar asid ne, galibi salfurik, shine dai wanda ke cikin ruwan batirin mota. Idan wanda aka sirka ya fantsama a yadi ba a ganin komai a take, sai ruwan ya bushe asid ɗin ya ƙara ƙarfi ya cinye zaren audugar, ranar wanki sai wurin ya ɓurme. Gaskiyarta ne da tace bata gani ba. Amma ki duba, abinda ya fantsamu har gaban siket ba tare da ta sani ba zai iya fantsama a ido, kuma ido shine abinda nafi jin tsoro a lab ɗin sakandare, yafi min gobara ma yawan faruwa.

Siririn gilashin nan fifet ake ce masa, ana auna ruwa mililita 25 ko 20 dashi a taitireshan, wato gwajin haɗa asid da alkali, da WAEC da NECO suke kawowa duk shekara. Abinda aka fi zuƙowa dashi kuwa alkali ne, sau da yawa kostik soda, irin wadda mata masu haɗa sabulu suke siya a kasuwar Sabon Gari, kuma kowace mai sabulu ta san yadda take cin hannu. Zuƙa da baki tsohon yayi ne da aka daina, akwai 'yar roba da ake maƙalawa a kan fifet ɗin a matsa ta ja ruwan, inda babu ita ma sirinji mara allura da guntun tiyo yana yin aikin sarai. Akwai wani abu a labarinki da ya tsaya min a rai. Ruwan da ake haɗawa yara na jarrabawa mai rauni ne sosai, ƙarfinsa wajen mola 0.1 ne a ma'aunin ƙarfin kemikal ko ƙasa da haka, wannan in ya shiga baki zai yi ɗaci da santsi da ɗan zafi amma da wuya ya saɓule leɓe. Idan har ya saɓule toh wanda ya haɗa ruwan ya zarce awo, ko kuma an miƙawa yara kwalbar da ba a sirka ba. Don haka tambayar farko da zaki yiwa shugaban makarantar itace wa ke haɗa musu kemikal, akwai ma'aikacin lab ko malamin ne shi kaɗai yake haɗawa a gurguje kafin a kaɗa ƙararrawa.

Sirka asid ma aikin babba ne ba na ɗalibi ba. Salfurik na cikin kwalba ƙarfinsa kashi 98 ne cikin ɗari kuma yafi ruwa nauyi, in ka zuba ruwa a kansa ruwan a sama yake tsayawa ya tafasa nan take ya watso maka a fuska. Shi yasa kullum asid ake tsiyayawa cikin ruwa kaɗan kaɗan ana juyawa. Yaron SS2 bashi da dalilin taɓa wannan kwalbar sam, a kulle ya kamata take a sito.

Maganar ruwa kuwa Hajiya ita ce babba. Duk lab ɗin da ba ruwa bai kamata a buɗe kwalba ko ɗaya a cikinsa ba. Mun san halin ruwan famfo a garin nan, amma wannan ba hujja bace, babban bokiti mai famfo a gindi da butoci biyu masu tsabta da jakar fiya wata a kusurwa sun wadatar. Fiya wata ma tana da daɗin aiki, ka huda kusurwar da tsinke ka matsa ruwan ya fito siriri, ka kwantar da kan yaron gefe idon da abin ya shafa yana ƙasa, ka buɗe fatar idon da yatsu ka dinga zubawa daga gefen hanci ruwan na gangarawa waje don kar ya shiga ɗayan idon. Aƙalla minti 15 ba tsayawa, in soda ce a ƙara a kai don ita ratsa ido take yi tana shiga ciki, tafi asid ɓarna a ido duk da mutane sunfi tsoron sunan asid. Yaron zai dinga runtse ido yana fizgewa, dole a samu mai riƙe shi.

Sai tabarau na kariya, wanda ke rufe gefe da gefe. Ba sai kowane yaro ya sayi nasa ba, makaranta ta sayi na rukuni ɗaya a dinga wankewa ana karɓa karɓa. Wanda ya kawo mu ga yawan yara, hamsin da malami ɗaya ba firaktikal ake ba, idonsa ba zai iya kaiwa kan kowane teburi ba. A raba su gida biyu ko uku.

Tukunyar gas kuma a fitar da ita waje a gina mata ɗan keji mai iska a jawo bututu. Gas ɗin girki yafi iska nauyi, in yana yoyo ƙasa yake kwanciya ƙarƙashin tebura, ɗakin da aka kulle tun ranar Juma'a sai a buɗe Litinin wani ya danna makunnin fanka. Kuma a bayan ƙofa fa kika ce, wato hanyar da yara hamsin zasu bi su fita in wani abu ya faru.

Nas_Hauwa:

'Yar uwa ni abinda ya ɓata min rai madarar nan ce da rashin kiran iyaye. Mu a asibiti kullum muna fama da wannan, yaro ya sha kalanzir ko soda ko fiya fiya kafin a kawo shi an ɗura masa manja ko madara, wasu har yatsa suke sa masa a maƙogwaro wai ya amayar. Abinda ya ƙona hanya da zai shiga in ya dawo sai ya sake ƙona ta, ga haɗarin ya faɗa huhu. In kemikal ya shiga baki a tofar, a kurkure da ruwa sau da yawa ana zubarwa, in an haɗiye kar a sa amai kar kuma a ce za a bada lemon tsami ko wani abu don ya kashe ƙarfinsa, a ɗauki yaron da kwalbar ko sunan abin a tafi asibiti. Sunan abin yana da matuƙar amfani garemu, shi yasa kwalba mara rubutu a lab musiba ce, balle a ce a robar lemo ko ta ruwan sha aka juye.

Ƙuna ma haka, ruwa mai sanyi na yau da kullum a dinga kwarara a wurin minti 20, ba ƙanƙara ba. Banda ɗanyen ƙwai, banda makilin, banda kamu, banda baƙin mai, wallahi duk munga waɗannan, sai mun zauna muna kankare su daga kan ciwo yaro na ihu kafin mu ga zurfin ƙunar. In kemikal ne ya jiƙa riga a cire rigar, ga 'yan mata a samu malama mace da zani a kusa don kunya tana sa yarinya ta ƙi cirewa abin yana ta cin fatarta a ƙasan kaya.

Akwai kuma wanda ba a cika magana a kai ba a bayoloji, gwajin rukunin jini. Wasu malaman suna so su nunawa yara A da B da O a aikace, abu mai kyau, amma sai a ɗauki allura ɗaya ko reza ɗaya a bi layi ana tsaga yatsu. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kai kwana 7 da ranta a busasshen jini a kan ƙarfe, goge ta da auduga da sifirit baya isa. Ki gaya wa Ilham ko wa ya ce ta miƙo yatsa in ba a gabanta aka ɓare sabuwar allura ba ta ƙi, kuma in ba a yi mata rigakafin ciwon hantar ba ki kai ta a yi tunda likitanci take so ai dole ma zata buƙace shi.

Sannan a daina aiken yara su kamo ɓera daga gida don a feɗe. Zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera ake ɗaukarsa, yafi tashi da rani, kuma yaro ba zai iya bambance wannan ɓeran da sauran ba. Ruwan fomalin da ake ajiye kwaɗi da macizai a kwalba shima ba abin shaƙa bane, tun 2004 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa sinadarinsa cikin masu jawo ciwon daji. A bar kwalaben a rufe a kalla daga waje.

Abu_Sadiq_Chem:

Hajiya ni malamin kemistiri ne a makarantar kuɗi, ba wadda 'yarki take ba ina zato, kuma zan faɗi ɓangarenmu don naga kamar duk laifin zai dawo kan malami. Malam_Lab duk abinda ka faɗa gaskiya ne amma kai a inda kake akwai sito akwai ma'aikata akwai kasafi, mu kuwa kai ne malamin kemistiri daga SS1 zuwa SS3 kai ne na besik sayans a ƙananan aji kai ne mai wanke kwalabe kai ne mai haɗa ruwa, in ka rubuta takardar kayan da kake buƙata sai mai makaranta yace a bari sai WAEC ta turo jerin kayan jarrabawa a siya gaba ɗaya, wato sai saura 'yan kwanaki. Kuma abinda za a siya ɗin wanda mai sa ido na jarrabawa zai gani ne, buret (dogon gilashin da ake ɗigo asid dashi) da fifet da kwalabe, tabarau da robar fifet kuwa ba a ba da maki a kansu don haka kullum sune ake yankewa.

Ni a ganina makarantar su Ilham ma ta yi ƙoƙari ta wani ɓangaren da ta fara shiga dasu lab tun SS2. Mafi haɗarin yaro shine wanda bai taɓa riƙe testub ba sai sati biyu kafin jarrabawa, hannunsa na rawa, agogo na tafiya, ya ɗora testub a wuta bakinsa na kallon fuskar na kusa dashi, ko ace ya shinshina iskar da ta fito sai ya kafa hancinsa a bakin kwalbar ya ja amoniya har ƙwaƙwalwa maimakon ya kaɗo iskar da tafin hannu daga nesa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya saba tun SS1 jikinsa ya san waɗannan ba sai an faɗa masa ba. Don haka in kinje kar ki yi maganar da zata sa su ce toh an rufe lab sai SS3, wallahi shine abinda yafi musu sauƙi kuma shine zasu yi, yaran ne zasu cutu.

Shawarata kar ki je ke kaɗai, ki nemi iyayen yarinyar da abin ya shiga bakinta da wasu iyaye uku huɗu ku kai maganar taron PTA, ku ce kuna so a zagaya daku lab ɗin ku gani da idonku. Mai makaranta baya jin maganar malaminsa amma yana jin ta masu biyan kuɗin makaranta, kuma kuna biyan kuɗin firaktikal ai, ku tambayi me ake siya dashi. Malamin ma ƙila daɗi zai ji don abinda ya daɗe yana roƙo ne.

Inda ban yarda da Malam_Lab ba shine raba aji gida uku, a jadawalin da muke dashi ba zai yiwu ba sai dai biyu, rabi suna lab rabi suna aji suna lissafin sakamakon da suka samu, ko a sa Asabar.

Zee_Biochem:

Anti sannu da ƙoƙari, Allah ya bar miki ita. Ni ɗaliba ce ina karanta bayokemistiri, abu ɗaya nake so in ƙara wanda maza basa lura dashi, hijabi. Yawancin hijaban makaranta yadin roba ne, shi kuma in ya kama wuta narkewa yake yana manne wa fata, ga shi a wuya da fuska yake. Ka miƙa hannu zaka ɗauko abu a ɗaya gefen teburi gefen hijabin ya share kan bona, wato murhun gas na lab, kuma wutar bona in an daidaita ta shuɗiya ce da rana da kyar ake ganinta, ta sifirit ma ta fi ɓuya. Ba cewa nake a cire ba ko kaɗan, mu ma da namu muke shiga. Ranar firaktikal a sa ƙaramin hijabi na auduga wanda ya tsaya a kafaɗa a tura shi cikin farar rigar lab a ɓalle maɓallai har sama, babban a ninke a jaka in an fito a mayar. Ki ɗinka mata guda ɗaya Anti da farar riga ta auduga zalla mai dogon hannu, kowane tela zai iya, kuma in makaranta ta ce ba kalar yunifom bane ki sa a yi shi da kalar. Takalmi kuma rufaffe, banda silifas da sandal.

Abin yadin nan ba wasa bane ko a inda suke da komai. A jami'ar UCLA ta Amurka a ƙarshen Disamba 2008 wata matashiya 'yar asalin Pakistan mai shekara 23 tana jan wani kemikal mai kamawa da wuta da sirinji ya zubo mata, bata sa rigar lab ba kuma rigar sanyin jikinta ta roba ce, ta rasu a asibiti a Janairun 2009. A wata sakandare a New York kuma a Janairun 2014 malama ce da kanta tana nunawa yara yadda wuta ke canza kala, ta ƙara metanol, wani nau'in sifirit, daga babban galan alhali akwai sauran wuta, wutar ta bi ta cikin galan ɗin ta feso kan ɗalibai. Mu nan da ake amfani da fitilar sifirit inda ba gas wannan na biyun yafi kusa damu, kar a taɓa ƙara sifirit a fitila tana ci ko tana da zafi, kuma galan ɗin kar ya kwana a kan teburin da ake kunna wuta.

Ki ce mata in Allah ya kiyaye kaya suka kama kar ta gudu, ta faɗi ƙasa ta yi ta birgima, na kusa su lulluɓe ta da bargo ko jiƙaƙƙen buhu na algarara. Gudu hura wutar yake.

Danjuma_Geo, Wusasa:

Hajiya barka da war haka. Kowa yayi maganar lab bari ni in taɓa takardar da ke hannunki don ni jogirafi na karanta kuma a gindin Kufena na tashi. Wuri ne da ya cancanci a kai yara, dutse ne na giranait da ya tsaya shi kaɗai a fili, ga ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa, yaro zai ga yadda rana da ruwa suke ɓare dutse falle falle da idonsa, abinda shekara uku ana zana masa a allo bai gane ba. Ni ina goyon bayan ta je. Amma kar ki sa hannu sai sun amsa miki wasu abubuwa, kuma a rubuce.

Malamai nawa ne zasu bi su kuma akwai mace a ciki, sannan wani malami ya riga yaje ya taka wurin a 'yan kwanakin nan ko dai sunan wurin kawai aka sani. An sanar da mai unguwar wajen da jami'an tsaro ko kuwa. Wace mota ce, don abinda nafi gani shine a ɗauko bas mai cin mutum 18 a cusa yara talatin wasu a kan cinyar wasu, haɗarin hanya yafi na dajin kansa. Ƙarfe nawa za a dawo, ni a wurina duk fitar da zata kai la'asar sakaliya ba a kama hanyar gida ba bata yi ba. Halin tsaro kowa ya sani, a Nuwamba 2020 ɗaliban sashen Faransanci na ABU a hanyar Kaduna zuwa Abuja aka sace su suna tafiyar karatu zuwa Badagry. Kufena a bakin gari yake ba kamar wancan ba, amma a daina sanya rana da wurin da za a je a Facebook da gurup gurup kafin a tafi, hotuna sa jira a dawo.

Lokaci ma abin dubawa ne. Maris da Afrilu dutsen nan kafin sha ɗaya na safe ya ɗau zafin da ba a iya dafa shi da hannu, a fita da sassafe kowa da ruwansa da hula, kuma makaranta ta san waye mai sikila waye mai asma a cikinsu, mai sikila rashin ruwa da wahalar hawa suna tada masa ciwo. Da damina kuma dutsen santsi yake kamar me in ya jiƙe, kuma in hadari ya haɗo a sauko nan take, saman dutse ba wurin tsayawa bane ana tsawa.

Su masu neman ƙwari hannu suke turawa ƙarƙashin duwatsu da cikin kogo, nan kunama da maciji suke. A juya dutse da sanda, a jawo shi ta yadda buɗewar zata kalli can gaba ba ƙafarka ba. Kububuwa ƙarama ce kalar ƙasa, bata gudu in taji mutum, cikin macizai ita ce ta fi kashe mutane a arewa, dafinta hana jini daskarewa yake shi yasa mutum zai ga kamar lafiya lau yake sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi. Saboda ita ne asibitin Kaltungo a Gombe yayi suna, kuma a 2017 WHO ta sa saran maciji a jerin manyan cututtukan da aka yi sakaci dasu. Takalmi rufaffe da safa da dogon wando suna tare da yawa daga saran don a ƙafa yake faruwa. In ya faru kar a ɗaure da igiya ko roba, kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a tsaya neman mai magani ko baƙin dutse, a cire zobe da abin hannu, a hana yaron tafiya da ƙafarsa a ɗauke shi zuwa mota. Malamin da ke jagora ya san tun kafin a fita wane asibiti zai nufa kuma ya tabbatar suna da allurar dafin, daga Wusasa zuwa asibitin Shika ba nisa bane in mota na tsaye a wurin, matsalar sai in direba ya sauke su ya tafi lodi yace a kira shi in an gama. Gamsheƙa kuma tofi take a ido, maganinta na farko ruwa ne mai yawa irin yadda Malam ya kwatanta.

Bakin rafi kuma ko Kubanni ne ko Galma, ɗibar ruwa a kwalba daga gaɓa ya isa, kar wanda ya tuɓe takalmi ya shiga. Tsargiya a jikin ƙananan katantanwa na ruwa take girma, tsutsar ta huda fata ta shiga ba tare da an ji ba, sai bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini an ma manta da anje wani rafi. Kuma katantanwar ce fa malamin bayoloji zai ce a tsinto, toh a tsinta da cokali ko safar hannu. Banda kuma kududdufan da aka haƙi ƙasar bulo, gefensu a tsaye yake yaro na zamewa ya tafi.

Maman_Ilham, Tudun Jukun:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri, na kwafe duka a takarda. Na kira maman ƙawar tata ashe ita ma sai a bakin yarinyar taji, ta ce zata zo mu tafi tare. Malam_Lab ƙarin tambaya ɗaya, yanzu Ilham ke ce min wai kwanaki ma'aunin zafi ya fashe a lab ɗin fizis wani abu mai ƙyalli ya tarwatse a ƙasa yaran suna ta wasa dashi a tafin hannu, daga baya aka share da tsintsiya. Shima abin damuwa ne?

Malam_Lab, Samaru:

Eh Hajiya, zaiba ce wannan. Taɓa ta sau ɗaya ba shine babbar matsalar ba, tururin da take fitarwa a hankali ne wanda bashi da wari bashi da kala, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda in aka daɗe ana shaƙa. Na ma'auni ɗaya ba yawa gareshi ba don haka kar ki tada hankalinki akan Ilham, amma tsintsiya farfasa ta take ƙanana ƙanana su shige tsagar siminti su zauna. Ki ce musu a jefar da waccan tsintsiyar, a buɗe tagogi, a haska ƙasan da tocila a kwance da duhu za a ga ƙyallin ragowar, a tattara da kati biyu ko salatif a zuba a kwalba mai murfi, in suna da garin farar wuta a barbaɗa a tsagogin. Ki tambaye ta ko akwai wanda ya ƙulla ya kai gida, yara suna yin haka, in akwai a karɓo. Ma'aunan zafi masu ruwa ja a ciki maimakon zaiba sune ya kamata makaranta ta koma siya, aikinsu ɗaya a matakin sakandare.

Malam Abu_Sadiq na karɓi gida biyun, in dai rukunin da ke lab bai wuce ashirin da biyar ba kuma akwai babba na biyu a ɗakin ko da malamin fizis ne ya shigo taya ka. Hajiya in kun shiga zagayen ku sa a buɗe muku sito ku ga ko kwalaben suna da rubutu, ku duba kwanan watan da ke jikin tukunyar kashe gobara da ko allurarta na kan kore, ku ga akwai bokitin yashi. Tiyon gas kuma ku ce a shafa masa ruwan omo a mahaɗa a gabanku, in ya yi kumfa a canza shi kafin a sake kunna komai a ɗakin.